Tarihin zamanin da ko na zamanin nan: wanne 'yata za ta ɗauka a aji 11?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a yammacin birnin Sidni a Ostareliya. 'Yata tana aji 10, an ba su takardar zaɓen darussan aji 11 da 12. Tana son tarihi, sai muka tarar an raba shi biyu, akwai Ancient History na zamanin da, akwai Modern History na zamanin nan. Ni a gida tarihi ɗaya na sani a WAEC. Wasu iyaye sun ce na zamani ya fi ba da maki a ATAR, wato matsayin da ake neman shiga jami'a da shi, ita kuma hankalinta yana kan Fir'aunonin Masar. Wanne ya kamata ta ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya ta, ya yi wa karatun albarka.

Akwai abin da takardar nan ba ta faɗa muku ba, kuma shi ya kamata a fara sani. Sunan darasin kaɗai 'yarka za ta zaɓa. Abin da ke cikinsa, malamin makarantarsu ne mai zaɓa. Hukumar NESA, wadda ke tsara manhaja da jarrabawar HSC ta kammala sakandare a jihar New South Wales, ta raba kowanne cikin darussan biyu gida huɗu a aji 12. Gida ɗaya tilas ne ga kowane ɗalibi a jihar. Sauran ukun kuwa kowace makaranta tana tsinta ne daga jerin da aka ba ta, gwargwadon abin da malaminta ya ƙware a kai da littattafan da makarantar ta riga ta saya. Don haka yarinyar da ta shiga tarihin zamanin da saboda Fir'auna tana iya gama aji 12 ba ta taka ƙasar Masar ba ko sau ɗaya. Ƙa'ida ta ce a taɓa aƙalla yankuna biyu cikin biyar: Masar, Gabas ta Tsakiya, Sin, Girka da Rum. Gidan da yake tilas ya riga ya cike gurbin Rum, malami ya ƙara Sparta ta Girka, shi ke nan ya cika sharaɗi, kuma makarantu da dama haka suke yi.

Ke nan kafin ku sa hannu a komai, ta je wurin shugaban sashen tarihi na makarantar, ko ku aika masa da saƙo, ku tambaye shi abu uku: waɗanne batutuwa ajin bana ke yi a kowane darasi, ko akwai niyyar canza su, kuma wane malami ake sa ran zai riƙe ajin. Ku haɗa da ta huɗu. Abin da zan bayyana a nan tsarin manhajar da aka fara jarrabawa a kanta a 2019 ne, kuma NESA ta riga ta fitar da sabuwa da za ta gaje ta, saboda haka ku ji wacce ajin 'yarka zai bi. Duk wannan bayani na New South Wales ne. Jihohin Victoria da Queensland kowacce da nata tsarin.

A tarihin zamanin da, gidan tilas shi ne garuruwan Pompeii da Herculaneum na ƙasar Italiya, waɗanda dutsen Vesuvius mai aman wuta ya binne a shekara ta 79 Miladiyya. Gida na biyu al'umma ɗaya ce a yi mata kallon tsaf: Sparta, ko Atina a zamanin Pericles, ko Farisa ta Darius da Xerxes, ko Masar, ko Sin ta daular Han. Na uku mutum ɗaya ne, irin su Hatshepsut, Akhenaten, Xerxes, Julius Caesar ko Agrippina ƙarama, uwar sarki Nero. Na huɗu wani yanki ne na zamani, misali duniyar Girkawa daga 500 zuwa 440 kafin Miladiyya, ko rushewar jamhuriyar Rum daga 78 zuwa 31 kafin Miladiyya.

A na zamani, gidan tilas shi ne mulki da iko a duniya daga 1919 zuwa 1946: yadda 'yan kama-karya suka taso bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, mulkin Nazi a Jamus har zuwa 1939, da fafutikar neman zaman lafiya daga tsohuwar ƙungiyar ƙasashe har zuwa kafa Majalisar Ɗinkin Duniya. Sai ƙasa ɗaya, kamar Rasha daga 1917 zuwa 1941, Amurka daga 1919 zuwa 1941, ko Iran daga 1945 zuwa 1989. Sai rikici ɗaya, kamar yaƙin Turai na 1935 zuwa 1945, na yankin Biyetnam da Kambodiya daga 1954 zuwa 1979, yaƙin cacar baka, ko rikicin Larabawa da Isra'ila daga 1948 zuwa 1996. Na ƙarshe wani babban sauyi ne, irin gwagwarmayar 'yancin baƙar fata a Amurka daga 1945 zuwa 1968, ko mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu daga 1960 zuwa 1994. A cikin ukun da ake zaɓa dole ɗaya ya kasance daga wajen Turai da ƙasashen Yamma.

Wannan jerin sunaye ne kawai. Abin da zai sa ta ji daɗin darasi ko ta tsane shi, irin aikin da kanta zai riƙa yi ne kullum, kuma a nan ne biyun suka rabu sosai.

Mai karatun zamanin da kullum cikin ƙarancin shaida yake. Ga misali daga gidan tilas ɗin. Mutum ɗaya ne da ya ga aman dutsen da idonsa ya bar mana bayani a rubuce, wato Pliny ƙarami. Yana da shekara 17 a lokacin, yana garin Misenum a ɗaya gefen gaɓar teku, kuma bai rubuta ba sai bayan kimanin shekara 25, cikin wasiƙu biyu zuwa ga masanin tarihi Tacitus. Kwafin wasiƙar da aka fi yaɗawa ya ce ranar 24 ga Agusta abin ya faru, tsakiyar zafi ke nan a Italiya. Amma masu tono sun tarar da kaskon jin wuta a cikin gidaje, da rumman wanda sai kaka yake nuna, da randunan giya an riga an liƙe bakinsu, abin da ake yi bayan an gama girbin inabi. Sai a 2018 aka ci karo da wani rubutu da gawayi a bangon wani gida, mai kwanan watan da ya yi daidai da 17 ga Oktoba. To, ga ɗaliba da takarda a gabanta. Rubutun gawayin bai faɗi shekara ba. Masu goyon bayansa sun ce gawayi ba ya daɗewa a bango, don haka na shekarar ne, wasu kuma sun ce ba lallai ba. Wasiƙar kuwa an yi ta kwafarta da hannu ɗaruruwan shekaru, kuma mai kwafa yakan yi kuskure a lamba. Ba a neman ta haddace wace rana ce daidai. Ana neman ta nuna abin da kowace shaida ke iya tabbatarwa da inda ƙarfinta ya ƙare.

Haka abin yake ko'ina a darasin. Kusan duk abin da aka sani game da Sparta baƙi ne suka rubuta, wasu masu sha'awarta, wasu abokan gabarta, wani ma kamar Plutarch ya zo ne bayan ɗaruruwan shekaru. Labarin Agrippina maza uku ne manyan masu ba da shi, Tacitus da Suetonius da Cassius Dio, dukansu suna ƙyamar mace ta riƙe iko, sai ɗaliba ta auna maganarsu da tsabar kuɗin da aka buga a shekara ta 54, inda fuskarta ke kallon fuskar ɗanta Nero kamar sarakuna biyu. Hatshepsut da 'yarka za ta so, ita ce ta sa aka zana labarin kanta a bangon haikalinta na Deir el-Bahri, har da ayarin da ta aika ƙasar Punt, daga baya kuma a zamanin Thutmose na Uku aka bi hotunanta ana kankarewa. Wanda ya taɓa zama ya ji ana musu a kan labarin Bayajida, wane ɓangare ne tarihi wane ne ƙarin gishiri, ya san irin wannan aikin.

Mai karatun zamanin nan kuwa shaida ce ta yi masa yawa. Akwai jaridu, hotuna, jawabai, takardun gwamnati, sakamakon zaɓe har da ɗigo. Jam'iyyar Nazi ta sami kashi 2.6 cikin ɗari a zaɓen 1928, ta haura zuwa 18.3 a 1930, ta kai 37.3 a watan Yulin 1932 lokacin da marasa aikin yi a Jamus suka kai kimanin miliyan shida, sannan ta sauko zuwa 33.1 a watan Nuwamba. Duk da haka ranar 30 ga Janairun 1933 shugaba Hindenburg ya naɗa Hitler shugaban gwamnati. Ta yaya mutumin da ƙuri'unsa ke raguwa ya sami mulki? Talauci ne, ko raunin tsarin mulkin jamhuriyar Jamus ta lokacin, wato Weimar, ko 'yan siyasar da suka ɗauka za su iya juya shi yadda suke so? Babu wanda ke musun abin da ya faru. Musun a kan dalili yake. Aikin ɗaliba ta tsaya a kan matsaya ɗaya, ta tsinci abu biyar ko shida cikin hamsin da ta sani, ta jera su su ɗauki nauyin maganarta, ta bar sauran. Yara da yawa masu ƙoƙari a nan suke faɗuwa, don ba sa iya barin abin da suka sha wahalar haddacewa.

Wasu sukan ce na zamani ya fi sauƙi tunda an saba jin labarinsa. Sabon nan yana da amfani a makonnin farko, don ta riga ta taɓa yaƙe-yaƙen duniya a aji 9 da 10, amma daga nan ba ya ƙara komai. Na zamanin da ma ba tatsuniyar alloli da dalar Masar ba ne. Za ta zauna da tsarin mulkin Sparta, sarakuna biyu, jami'ai biyar da ake zaɓa kowace shekara, majalisar mutum 30, kuma ana so ta kira su da sunayensu na Girkanci kamar ephor da gerousia da agoge. A Pompeii akwai na Latin. A na zamani akwai na Jamusanci irin Gleichschaltung, da na Rashanci idan Rasha suke yi. Ta kowace hanya sai ta buɗe littafin kalmomi nata na kanta.

Yanzu jarrabawar. Kowanne cikin biyun awa uku ne da minti biyar na karanta tambayoyi, maki 100, sashe huɗu, kowane sashe maki 25. In ka raba, minti 45 ke nan ga kowane sashe. Bambancin da iyaye ba su cika lura da shi ba shi ne yawan dogon insha'i. A na zamani guda biyu ne, ɗaya a kan ƙasar da aka karanta, ɗaya a kan rikicin, kowanne maki 25 a dunƙule, ana sa ran kimanin kalma dubu, da alƙalami, cikin minti 45. Rabin makin jarrabawar ke nan ya rataya a kan insha'i biyu. A na zamanin da guda ɗaya ne, a sashe na huɗu. Sauran sassan an yayyanka su zuwa ƙananan tambayoyi, babbar cikinsu takan kai maki 10 zuwa 15. Yarinyar da ke da saurin hannu, wadda za ta iya riƙe zaren magana ɗaya shafi bakwai ko takwas ba ta sake shi ba, tsarin na zamani ya dace da ita. Wadda ta fi ƙarfi a taƙaitacciyar amsa mai kaifi, ta kalli hoton wani gini ko rubutun bango ta faɗi abin da yake nunawa, za ta fi sakewa a na zamanin da. Idan kuma ba ta daɗe da fara karatu da Turanci ba, wannan batu ya ƙara nauyi, domin kuskure a ƙaramar tambaya maki uku ko huɗu yake ci, amma rashin fahimtar tambayar insha'i yana iya tafiya da rabin sashe.

Kada a ɗauka wannan ya sa na zamanin da ya zama mai sauƙi. A can kusan kowace amsa sai an jingina ta da shaida takamaimai: wane gini, wane rubutu, wa ya faɗa. Cewa mata suna da matsayi a Pompeii ba ya kawo maki. Sai ta ambaci Eumachia, matar da ta gina babban gini a dandalin garin da kuɗinta, har masu sana'ar wankin tufafi suka kafa mata mutum-mutumi. Akwai kuma wani ɓangare da ɗalibai ke rainawa har ya ba su mamaki, wato yadda ake kula da wuraren a yau: rugujewar wani gini a Pompeii a 2010, aikin ceto Herculaneum da aka fara a 2001, da tambayar ko ya dace a riƙa nuna wa 'yan yawon buɗe ido gawarwakin mutane, irin siffofin da Giuseppe Fiorelli ya fara fitarwa a 1863 ta hanyar zuba farar ƙasa a ramukan da jikkuna suka bari cikin toka, ko ƙasusuwan mutum kimanin 300 da aka samu a rumfunan jiragen ruwa na Herculaneum.

Maganar da iyayen suka gaya maka a kan ATAR tana da ƙamshin gaskiya, amma an yi mata mummunar fahimta. Cibiyar UAC mai kula da neman shiga jami'a ce ke lissafa ATAR, daga yunit goma (yunit shi ne ma'aunin nauyin darasi): biyu na Turanci dole, sai takwas mafi kyau cikin sauran. Kowanne cikin darussan tarihin nan yunit biyu ne. Kafin a haɗa, sai an ɗora makin kowane darasi a sikeli, kuma a rahotannin da UAC ke fitarwa kowace shekara na zamani yakan ɗan ɗara na zamanin da. Dalilin ba wai an ga ya fi wuya ko ya fi daraja ba ne. Sikelin yana duba yadda ɗaliban da suka ɗauki darasin suka yi a dukan sauran darussansu, kuma a jimlace masu ɗaukar na zamani sun ɗan fi ƙarfi. Ratar ba ta da yawa, tana kuma ƙara tsukewa a wurin ɗaliban da ke sama. Ɗalibar da ta fito cikin na gaba-gaba a tarihin zamanin da ta fi wadda ta tsaya tsakiya a na zamani nesa ba kusa ba. Wanda ya bar darasin da yake so ya bi sikeli, yawanci ya saki reshe ne ya kama ganye, don shekara biyu ana jan ƙafa a karatu ba abin da sikeli zai gyara.

Abin da ya fi cancanta ku sa wa ido shi ne matsayinta a cikin aji. Makin HSC rabi daga jarrabawar ƙarshe yake, rabi daga ayyukan da makaranta ta ba su a aji 12, waɗanda ba sa wuce huɗu, har da jarrabawar gwaji da ake yi wajen watan Agusta. NESA tana daidaita makin makarantar da abin da 'yan ajin suka ci a jarrabawar ƙarshe, amma ba ta taɓa jerin matsayi. Wadda ta zo ta biyu a aji tana nan ta biyu. Saboda haka aiki ɗaya da aka miƙa a makare, aka zaftare masa maki, yana iya sauko da ita mataki uku ko huɗu, ya bi ta har sakamako. Ku kuma sani karatun aji 12 ba ya jiran sabuwar shekara. A zango na huɗu na aji 11 ake fara shi, wajen Oktoba. Iyalai da yawa sukan shirya tafiya gida a daidai wannan lokaci suna ganin ai shekara ta ƙare, yaro ya dawo ya tarar an yi nisa a batu na farko, wani lokaci ma an riga an karɓi aikin farko mai maki.

Game da jami'a, hankalinku ya kwanta. Ba a sharɗanta ɗaya cikin biyun don shiga karatun lauya ko siyasa ko koyarwa a jami'o'in jihar. Mai son hulɗar ƙasa da ƙasa ko aikin jarida zai ci moriyar na zamani kai tsaye, amma iya auna shaida da rubuta hujja duka biyun suna koyar da shi.

Akwai wani batu da ya kamata a faɗa wa uba ba tare da kwana-kwana ba, don kada ku gan shi bagatatan a littafinta. Pompeii gari ne na masu bautar gumaka, kuma a cikin abin da aka tono akwai zanen tsiraici da gidan karuwai, ana kuma ambatonsu a matsayin shaidar rayuwar garin. Addinin Girkawa da Rumawa da Misrawa ana karanta shi ne a matsayin abin da mutanen suka yi imani da shi. Haka nan in sun yi Masar, jarrabawa abin da duwatsu da takardun zamanin suka nuna take tambaya, kuma ba ta shiga batun wane Fir'auna ne na zamanin Annabi Musa, alaihis salam. A ɗaya ɓangaren, na zamani yana ɗauke da hotunan kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa, da na Kambodiya idan suna yin yankin, da kisan mutum 69 a Sharpeville a 1960 idan Afirka ta Kudu ce. Idan kuma rikicin Larabawa da Isra'ila makarantar ta zaɓa, za a buƙaci ta rubuta hujjar ɓangaren da zuciyarta ba ta tare da shi, cikin natsuwa, ta auna ta kamar yadda za ta auna ta ɗaya ɓangaren. Wasu yara wannan yana gina su, wasu yana ƙona musu rai har ya shafi rubutunsu. Kai ka fi kowa sanin 'yarka.

Ba dole ba ne ma a zaɓi ɗaya. An yarda a ɗauki duka biyun, muddin jadawalin makarantar bai sa su a lokaci guda ba. A aji 11 ana buƙatar aƙalla yunit 12, a aji 12 kuma 10, don haka ɗalibai da yawa sukan ajiye darasi ɗaya a ƙarshen aji 11. Mai son tarihi da gaske tana iya ɗaukar biyun, ta ɗanɗana zango uku, ta ajiye wanda bai karɓe ta ba. Akasin haka ne ba ya yiwuwa cikin sauƙi: ba a shiga darasi a aji 12 sai an kammala na aji 11 ɗinsa. Illar ɗaukar biyun ita ce nauyin rubutu. Turanci da tarihi biyu darussa uku ke nan masu insha'i, kuma ayyukansu sukan faɗo a mako ɗaya. Idan tana da niyyar likitanci ko injiniya, inda lissafi da kimiyya za su cinye yawancin yunit ɗinta, tarihi ɗaya ya isa. Akwai kuma History Extension, yunit ɗaya da ake ƙarawa a aji 12 kaɗai, ga wanda ke yin ɗaya cikin biyun. A nan ana nazarin yadda masana ke rubuta tarihi da dalilin saɓaninsu, sannan ɗalibi ya yi binciken kansa ya rubuta har kalma 2500. Wannan shawarar sai ƙarshen aji 11.

A aji 11 ne kuma take da 'yar dama ta kawo gida cikin aji. Kowane darasi yana da binciken da ɗalibi ke yi, an ware masa awa 20 cikin 120, kuma malamai da yawa suna barin yaro ya zaɓi batunsa idan bai yi karo da na aji 12 ba. A na zamani tana iya ɗaukar jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, ko yadda Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairun 1903 da Sakkwato a watan Maris, ta gwada rahoton Lugard da abin da malaman ƙasar suka rubuta. A na zamanin da akwai mutum-mutumin yumɓu na Nok, ko daular Kush ta Sudan wadda sarakunanta suka taɓa mulkin Masar. Sharaɗin dai ta sami isassun madogara da malamin zai iya dubawa, ta kuma mai da batun tambaya. "Tarihin Kano" ba batun bincike ba ne; "me ya sa ganuwar Kano ba ta tsayar da sojan Ingila ba" shi ne batu.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin ba ya cin ko sisi. Tsofaffin takardun jarrabawa suna shafin intanet na NESA, tare da jagorar ba da maki da bayanin masu gyara a kan inda ɗalibai suka yi kuskure. Ta sauke na shekara ɗaya a kowane darasi daga 2019 zuwa sama. Ba amsawa za ta yi ba, tunda ba ta karanta ba tukuna. Ta zauna da sashe na farko na kowanne minti ashirin, ta kalli shaidun da aka bayar, a ɗaya hoton kango ko rubutun bango, a ɗaya zanen barkwanci na jarida ko yankin jawabi, ta rubuta tambayoyin da suka zo mata. Sannan ta karanta tambayoyin insha'in. Wanda ya sa ta ɗaga kai ta fara yi maka tambaya, ko ta ɗauki waya tana neman ƙarin bayani ba wanda ya sa ta, shi ne nata. Ku kuma ɗauko ayyukanta na tarihi da na Turanci na aji 10 ku duba abin da malamai suka rubuta a gefe. Idan kullum ana cewa tana ba da labari maimakon ta yi hujja, wannan ciwon zai bi ta duk inda ta shiga, kuma ya fi tsada a na zamani. Maganinsa ta saba da buɗe kowane sakin layi da hukuncinta, sannan labarin ya biyo a matsayin shaida.

In ka tambaye ni a kan abin da ka faɗa kawai, yarinyar da ke bin labarin Masar don kanta ta riga ta nuna inda za ta yi karatu ba tare da an tsaya a kanta ba, kuma wannan ya fi 'yar ratar sikeli. Idan makarantar tana yin Hatshepsut ko Akhenaten ko wani zamanin Masar a aji 12, ta ɗauki na zamanin da. Idan Girka da Rum ne zalla, ta karanta babi ɗaya a kan Sparta daga littafin ajin kafin ta yanke, domin son Fir'auna ba lallai ya zama son Sparta ba. Idan har yanzu zuciyarta biyu kuma akwai gurbi, ta sa duka biyun a takardar, wanda ta fi so a sama, don makarantu da yawa da wannan jerin suke tsara jadawali, kuma ajin da bai sami isassun ɗalibai ba akan soke shi. Idan ta shiga ta ga ba haka ta zata ba, yawancin makarantu suna barin a canza a makonnin farko na zangon farko na aji 11, kafin a ba da aikin farko mai maki. Ku tambayi ranar rufe canjin tun yanzu, ku rubuta ta.